Ranar da Na Ja Ɗakin Baba Zuwa Bakin Ruwa

Bari in fara da masu turo min saƙo suna tambaya ko ni ce yarinyar da aka gani ranar Talata a Yelwa tana tuƙa a-kori-kura da ɗaki ɗaure a baya. Ni ce. Sunana Khaulat Haruna, shekaruna ashirin da biyar, kuma ba aljanu ne suka buge ni ba kamar yadda wata ta rubuta a ƙarƙashin hoton. Da hankalina na fita. Tunda kowa ya faɗi nasa, yau ku ji nawa.

Babana mai walda ne. Ni kaɗai ya haifa, don haka a shagonsa na girma, ina riƙe masa ƙarfe yana ɗinkewa, har na je na karanto aikin injiniya na dawo. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Abin da ya bari a tsakar gidanmu ƙarƙashin mangwaro shi ne ƙashin wani ɗan ɗaki a kan taya biyu, ba ƙofa, ba rufi. Tafi-da-gidanka yake kiransa. Don mahaifiyarsa ya fara shi, kakata Hajja Kulu, wadda ƙafafunta ke kumbura, ba ta iya kwana ko'ina sai a gadonta.

Hajja 'yar Gungawa ce. A wani tsibiri da ake kira Gungun Tsamiya aka haife ta, kafin a datse ruwa a Kainji. Tana da shekara sha huɗu ruwa ya cinye garinsu aka kwashe su, wasu aka yi wajen Shanga da su, wasu wajen Ngaski. Ita aure ya kawo ta Yelwa, kuma tun daga lokacin ba ta koma ba. Baba ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga wurin, a ɗakinta, da gadonta. Allah bai nufa ba.

Wata takwas na yi ina ƙarasa shi da hannuna. Na yi masa bango, na shafa masa shuɗin fenti, na sa taga biyu masu raga saboda sauro. A ciki akwai gado da katifa mai tauri irin wadda Hajja take so, ƙaramar fanka, sola a sama, rishon gas, da ɗan kanta na magungunanta. Labulen kuwa wata tsohuwar atamfar Inna mahaifiyata ce mai zanen ganye, ita ta ɗinka min ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Yanzu maganar Mubarak.

Mubarak mai harhaɗa magani ne a Birnin Kebbi, amma gidansu na nan Yelwa, babban gida mai baƙin get. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, shaddarsa ba ta taɓa yamutsewa, kuma in ya tafi ƙamshin turarensa yakan kwana a zaurenmu. Ina sonsa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta zo tana ce min dama neman hanyar rabuwa nake yi. Ranar Asabar aka tsayar kawunnansa za su zo sa rana wurin yayan Baba, Bappa Wakili, gwaggonninsa biyu kuma su shigo cikin gida su gan ni, su gaida Hajja.

Ranar Lahadi da la'asar ya zo zance. Na sa doguwar riga ruwan goro, na yafa mayafi, na kai masa zoɓo mai sanyi. Muna cikin hira ya kalli hannuna inda tartsatsin walda ya bar min tabo uku.

"Ki sa lalle ya rufe wannan kafin Asabar," ya ce.

"Zan sa."

Ya juya kofin a hannunsa. Na san shi, in yana juya abu akwai magana.

"Sannan Hajja. In su Gwaggo sun shigo, ki roƙe ta ta taƙaita. Gaisuwa kawai. Kada ta ja zancen ƙauye."

"Wane ƙauye?"

"Kin gane mana, Khaulat. Kin san yadda Hausarta take fita in ta saki jiki. Na ce musu ku 'yan Yelwa ne kaka da kakanni. Ba na son a fara tambaye-tambaye."

Ku da kuke cewa bakina ya fi wuƙa kaifi, ku sani ranar ban ce komai ba. Murmushi ma na yi. Na raka shi har mota. Da na dawo sai na ga Hajja zaune a tabarmarta jikin bangon zaure, carbi a hannu, ba ta ja. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ba ta ɗago ta kalle ni ba, ni ma ban iya kallonta ba.

Washegari Bappa Wakili ya shigo da babbar rigarsa, ya zagaya tafi-da-gidanka sau ɗaya yana taɓe baki.

"A fitar da wanga tarkace kafin Asabar. Baƙi ba su shigowa su iske keji a tsakar gida. Zan turo a ja shi zuwa bayan gari."

Bayan ya fita Hajja ta kira ni da sunan da take kirana.

"Haulatu. Ɗakin ga ya ƙare?"

"Ya ƙare, Hajja."

"Taya na da iska?"

"Da iska."

"To mi muke jira?"

Ranar Talata bayan sallar asuba na ɗaura shi a bayan motar Baba. Na sa rigar aikina mai ruwan toka, na ɗora hijabi a kai. Na loda jarkar ruwa uku, buhun gawayi ko gas zai ƙare, tayar safaya, jak, igiya, da rigunan shiga ruwa guda biyu da na saya tun bara. Na zaunar da Hajja a gaban mota. Ina buɗe get sai ga Bappa a tsaye. Wani ya kai masa labari.

"Ina za ki da tsohuwa?"

"Garinsu, Bappa."

"Garin da ke ƙarƙashin ruwa? Ke ba ki jin abin da ke faruwa a hanyoyi? Ɗiya mace, ke kaɗai, saura kwana huɗu a sa miki rana. Mi kike so mutane su ce?"

"Da rana kawai za mu yi tafiya. Na kira mutanen can, sun ce hanya lafiya. Ba za mu kwana a daji ba."

"Ban yarda ba. Kashe motar."

Ban kashe ba. Sai Hajja ta sauke gilashi daga gefenta. Ta sha farin mayafinta na Makka, ta ɗaura kallabi sabo, har kwalli ta sa.

"Wakili, matso in gan ka."

Ya matso.

"Shekara nawa nike ce maka ka kai ni? Kullum sai an gama damina, sai an gama azumi. Ƙanenka ya yi niyya Allah ya karɓe shi. Ɗiyarshi ta ƙarasa. Kauce muna."

Bappa ya cire hularsa ya mayar. Ya zagayo ta gefena ya rage murya.

"Juma'a kafin a sauko masallaci ina son in ga motag ga a nan. Ki yi min alkawari."

"Na yi alkawari."

Sai ga Inna. Ta fito da kula cike da dambun shinkafa da soyayyen kifi ta ajiye a ƙafar Hajja, ta gyara min bakin hijabi, ta ce, "Ki riƙa tsayawa tana miƙe ƙafa." Shi ke nan.

Ta tsakiyar gari na bi. Da gangan, kada ku ce ban faɗa ba. Akwai hanyar baya, amma na bi ta bakin kasuwa, 'yan acaba suna nuna mu, masu kifi suna miƙewa daga kan kwandunansu. A nan aka ɗauki hoton da kuka gani.

Ban taɓa sanin haka ƙasarmu take da kyau ba. Duk rayuwata daga shago sai makaranta. Muna barin Yelwa kaka ta buɗe mana gaba ɗaya. An yanke gero an jera dammuna a bakin gonaki, dawa ta yi nauyi ta sunkuyar da kai, ja da fara. A fadama shinkafa ta nuna har tana ɗaukar ido, maza na yanka, mata na sheƙa a kan tamfol, ƙaiƙayi na tashi cikin hasken rana. Shanu sun shiga gonakin da aka kwashe, balbelu na bin su a baya. Iska mai sanyi-sanyi na shigowa da ƙamshin ɗanyar kara da gyaɗar da aka shanya.

Hajja ta fitar da hannunta ta taga kamar yarinya.

"Waccan ƙirya ce. Waccan kaɗanya. Ke ba ki san komi ba sai ƙarfe."

"Ƙarfen ne dai ya kawo ki nan."

"Yi min shiru, maƙeriya. Kalli hanya."

Wajen ƙarfe goma wayata ta fara kuka a aljihu. Na tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, na sauko da Hajja, na buɗe mata ɗakinta ta kwanta ta ɗora ƙafa a kan filo, fanka na kaɗa mata. Sannan na duba. Mubarak ne, saƙo biyar.

"Khaulat, wannan hoton mene ne?"

"Nafisa ce ta turo min. Ya shiga guruf ɗin gidanmu."

"Ɗauki waya."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Don Allah ki juya yanzu, zan san abin da zan ce musu."

Nafisa ƙanwarsa ce. Na daɗe ina kallon saƙon ƙarshe. Na rubuta doguwar amsa na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura masa: "Na kai Hajja garinsu. Zan dawo Juma'a in sha Allah." Ya karanta nan take. Ya fara rubutu, ya daina, ya fara, ya daina. Na kife wayar na zuba mana dambu.

Bayan mun sauka daga kwalta muka kama hanyar Ngaski tafiya ta koma ta kunkuru. Akwai wani kwari da ruwan ƙarshen damina ya bari da laka, tayar hagu ta tafi-da-gidanka ta nutse har rabi. Wasu manoma uku suka baro gonarsu suka zo. Babbansu ya leƙa cikin mota yana neman direba.

"Ina mai motar?"

"Ga ni."

"A'a, namijin."

"Baba, ni ce namijin, ni ce macen. Ku taimaka min da karan dawa."

Na tattare hijabina na ɗaure a ƙugu, na sa jak, muka cusa kara da duwatsu a ƙarƙashin taya. Na shiga na ba ta wuta a hankali suna turawa, ta fito. Laka har gwiwata. Dattijon ya yi ta dariya yana girgiza kai, ya ƙi barin mu mu tafi sai da ya sa mana kabewa biyu da damin rake a bayan mota.

A wani gari kusa da Ngaski muka kwana, a cikin gidan wata ƙawar Inna malamar makaranta. Ta yi ta roƙon Hajja ta shiga ɗaki, Hajja ta ce ita da ɗakinta ta zo. Da safe na same ta ta riga ni tashi, tana zaune a bakin ƙofar tafi-da-gidanka tana shafa ƙarfen da Baba ya ɗinke da hannunsa. Ɗinkinsa daban yake da nawa, nasa ya fi laushi. Na je na ɗora ruwan shayi.

Ranar Laraba da azahar muka hango ruwa. Mun haura wani tudu mai giginyu, sai ga shi shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ya cika ya tumbatsa, jiragen masunta kamar ƙudaje a kansa. A ƙasan tudun akwai tunga, gidaje kamar arba'in, hayaƙin bandar kifi na tashi, an yi fangalin irin albasa kore shar a bakin gaɓa. Nan ƙanwar Hajja take, 'yar ƙanen babanta, sunanta Dudu. Rabonsu da juna shekara talatin da wani abu.

Wata 'yar tsohuwa siririya ta fito daga bayan rumbu da faifai a hannu. Ta tsaya. Hajja ta buɗe mota da kanta, ba ta jira na kama ta ba.

Abin da ya fito daga bakin kakata ban taɓa jin sa ba. Na san tana jin Gunganci, amma a gidanmu ban taɓa jin ta yi jimla ɗaya da shi ba. Ranar sai ga shi yana zuba kamar an fasa tulu. Muryarta ma ta canza, ta yi ƙarfi, ta yi sauri. Hajjar da na sani mai magana ƙasa-ƙasa tana auna kowace kalma, ita ce take tafa hannu tana dariya har ana ganin giɓinta. Suka rungume juna suna kuka suna zagin juna, don ko ban ji yaren ba na san zagi in na ji shi.

Na tsaya jikin mota da makulli a hannu, baƙuwa a gaban kakata.

Da yamma, muna zaune a gaban tafi-da-gidanka da na kafa a ƙarƙashin wata tsamiya, Dudu na gasa mana ƙarfasa, na tambaye ta.

"Hajja, me ya sa ba ki koya wa su Baba ba?"

Ta ɗan jima tana cire ƙaya daga kifi.

"Randa anka kawo ni gidan kakanku, na yi magana da yarenmu, dangin miji sunka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kakanku mutumen kirki ne. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, Kulu, don zaman lahiya ki bar shi. Na bar shi." Ta sa kifin a baki. "Zaman lahiya kuwa an yi. Shekara hamsin."

Ba ta ambaci Mubarak ba. Da ta ambace shi ma da ya fi min sauƙi.

Ranar Alhamis da hantsi wani masunci ɗan Dudu ya ɗauke mu a jirgin inji. Sai da na yi da gaske kafin Hajja ta yarda ta sa rigar ruwa a kan mayafinta, tana cewa ita da ta koyi iyo kafin tafiya. Mun yi kusan rabin awa a kan ruwa. Ba alama, ba komai, ruwa ne kawai ko'ina. Amma tsofaffin nan biyu suna kallon wani dutse a gaɓar can da wani tudu a gaɓar nan suna gardama, har suka ce a kashe inji.

Jirgi ya yi shiru yana lilo.

"Nan ne," Hajja ta ce da ni da Hausa. "Gidanmu na nan ƙasa. Innata ta rasu saura kwana tara a tashe mu. Nan munka bar ta. Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Ta sa hannu a cikin ruwan har wuyan hannu ta bar shi a ciki. Sannan ta ɗaga tafuka ta yi addu'a mai tsawo, rabi Larabci, rabi yarenta, muka shafa. Ta yi wa Baba ma, na ji sunansa. Ban yi niyyar ɗaukar komai ba, amma da suka fara wata hira suna nuna inda rijiya take da inda ake daka, suna dariya da hawaye a fuska, na ciro waya na ɗauki minti ɗaya.

Da muka dawo gaɓa na fara naɗe igiya ina lissafin tafiya. In mun tashi da sassafe, tunda yanzu na san hanya, za mu isa Yelwa kafin a sauko sallar Juma'a.

"Hajja, ki kwanta da wuri yau. Gobe sammako."

"Ki gaida su."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ki gaida wa?"

"Mutanen Yelwa. Ni ba ni komawa yanzu. Sai an gama bugun shinkafa, in Allah ya kai mu. In bai kai mu ba, ga ƙasa nan kusa da Innata."

"Hajja, na yi wa Bappa alkawari."

"Ke kinka yi. Ni ban yi ba."

"Maganinki fa?"

"Na wata biyu kinka ɗauko, ina kallonki. Kwance ɗakin ki bar min, ki ɗauki motar ki tai. Baƙinku su zo su iske gida tsab, ba keji, ba tsohuwa mai karyayyar Hausa."

Wannan ce kaɗai maganar da ta yi a kan abin da ta ji a zaure, kuma ba ta kalle ni ba da ta yi ta.

A tungar nan ba sabis sai a kan tudun giginyu. Ranar Juma'a da safe na hau. Wayar ta yi ta girgiza a hannuna, kira goma sha ɗaya na Bappa, na Mubarak bakwai. Bappa na fara kira. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya ce na karya alkawari, ya ce na mayar da shi ƙaramin mutum. Na ce masa gaskiya ne na karya, kuma ina neman gafararsa, amma ba zan ɗauki uwarsa in cusa a mota da ƙarfi ba, in shi zai iya ga hanya. Ya kashe.

Sannan Mubarak.

"Kina ina?"

"Ina nan. Hajja ta ce ba za ta dawo yanzu ba."

Na ji ya sauke numfashi, kuma ba numfashin ɓacin rai ba ne.

"To ai ba matsala. Ki baro ta wurin 'yan uwanta ki taho ke kaɗai. Sai a ce ta je ganin likita. Hakan ma ya fi sauƙi."

Hakan ma ya fi sauƙi. 'Yan uwa, na tsaya a kan tudun nan ina kallon shuɗin ɗakin da ke ƙasa, da tsohuwar da ke zaune a ƙofarsa tana tsince shinkafa.

"Mubarak, ranar Lahadi ka roƙe ni abu na yi maka murmushi. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba."

"Khaulat, ba wai ina ƙin ta ba ne. Kin san ina girmama Hajja. Mutanenmu ne sai a hankali."

"Na sani. Kai mutumin kirki ne. Shi ya sa nake tsoro."

"Me kike nufi?"

"Sa rana da Bappa za a yi, ba sai ina nan ba. Amma kafin kawunnanka su taka gidanmu, ka gaya wa Hajiyarka ko jikar wace ce ni. In ba za ka iya ba, ni zan gaya mata. Wanda yake son ganina kuma, ina inda kakata take."

"Kada ki yi abin da za mu yi da-na-sani."

"Ina sonka, Mubarak. Sai an jima."

Ina da lambar mahaifiyarsa, Hajiya Jummai, tun ranar da ta kira ni ta yi min gaisuwar Baba. Mace ce mai kwarjini, 'yar kasuwar atamfa, ko 'ya'yanta ba sa zama a kujera in tana falo. Na ba shi awa biyu. Na zauna a gindin giginya ina shan rake ina kallon agogo. Da awa biyu ta cika bai kira ba, na tura mata bidiyon jirgin nan, na rubuta a ƙasa: "Hajiya, ina wuni. Wannan ita ce kakata Hajja Kulu, a kan garinsu da ruwa ya ci. 'Yar Gungawa ce. Na ga ya kamata ki sani daga bakina."

Alamar ta koma shuɗiya. Ta gani. Na jira minti goma, ashirin. Ba amsa. Na sauko daga tudun, na shiga tafi-da-gidanka na ja labule na yi kukana. Kada ku ɗauka taurin kai ba ya ciwo.

Yau Asabar. Da safe ban hau tudu ba, ban son in sani. Na ɗaura zanen da Dudu ta ara min, na zauna ina taya su gyaran kifi, hannuna duk ƙarni, ba lalle ba komai. Wajen ƙarfe sha ɗaya muka ji ƙarar mota. Farar mota ce take gangarowa daga tudu a hankali, laka har gilashi. Na san ta tun daga nesa.

Mubarak ne ke tuƙi. Ya tsaya nesa kaɗan da tsamiya ya fito, idanunsa ja kamar bai yi barci ba, shaddarsa a yamutse. Ya buɗe ƙofar baya.

Hajiya Jummai ta sauko. Leshi ruwan zuma, mayafi mai duwatsu, awarwaron zinare a hannu biyu. Ba gwaggo ko ɗaya, ita kaɗai. Ta dubi ƙasa mai damshi, ta cire takalmanta ta miƙa wa ɗanta. Na miƙe da sauri na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

Ta wuce ni kamar ba ta ji ba. Ta tafi kai tsaye wurin tsofaffin nan biyu, ta tattare leshinta, ta durƙusa har ƙasa a gaban Hajja. Sannan ta buɗe baki ta yi magana, a hankali, tana laluben kalmomi kamar mai tafiya a ɗakin da ta daɗe ba ta shiga ba.

Ba Hausa ba ce. Yaren da na kwana uku ina ji ne.

Wuƙar da ke hannun Dudu ta faɗi cikin kwano. Hajja ta ɗago haɓar matar da yatsa ta ƙura mata ido, ta yi mata tambaya ɗaya gajeriya. Hajiya ta amsa da wani suna. Hajja ta dafe ƙirji, alamar ta san mai sunan.

Na juya na kalli Mubarak. Yana tsaye da takalman uwarsa a hannu, bakinsa a buɗe. A fuskarsa na gane shi ma yau ya fara jin wannan yaren a bakin uwarsa.

"Hajiya," ya ce, "me kika ce mata?"

Ba ta waiwayo ba.

"Koma mota ka jira. Ni da kai sai mun je gida."

Sannan ta juyo ta dube ni tun daga zanen aro har tabon hannuna, ta nuna min ƙasa kusa da ita.

"Ke kuma da kika iya tura wa manya saƙo, zo ki zauna nan. Ba ki tsira ba tukuna."